Icce Tun Yana Ɗanye: Ƙuruciya Ta Yaro Ce Ko Tamu?

Gabatarwa

Kusan duk lokacin da zancen tarbiyya ya taso, ko a wajen suna ko a taron iyayen yara da malamai, ba a rasa wanda zai jawo karin maganar nan mai cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Da zarar an faɗe ta sai kowa ya gyaɗa kai, kamar alƙali ya yanke hukunci. Amma kuwa karin maganar ba ta faɗa mana iyakar tanƙwarawar ba, ba ta kuma tuna mana cewa ɗanyen icce shi ya fi saurin tsagewa a hannun mai garaje ba. Manufarmu a wannan maƙala ita ce mu yi tsokaci a kan tambaya guda ɗaya. Shin shekarun farko na rayuwar yaro, watau daga yaye zuwa shekara bakwai, dukiyarsa ce da muke riƙe masa amana, ko kuwa jarinmu ne da muke da ikon kashewa domin wata riba da muke hange a gaba? Za mu fara da abin da muka tarar a gida, mu bi sawun masanan da suka yi tunani a kan wannan al'amari, na ƙasashen Musulmi da na Turai, sa'an nan mu dawo Azare da ƙasar Katagum mu auna halinmu na yau da ma'aunin da suka bar mana.

Makarantu Uku na Gado

Tun kafin a gina aji ko ɗaya na boko a ƙasar Katagum, yaro yana da makarantu uku, kuma bi da bi yake shigarsu. Ta farko ita ce bayan uwa. A goye yake fara jin sautin harshe, ya ji lugude da waƙar rarrashi, ya koyi bambanta muryar wasa da ta tsawa. Idan ya kai kimanin shekara biyu aka yaye shi, galibi ɗakin kaka ake kai shi, kuma wasan da al'ada ta halatta tsakanin kaka da jika shi ne fagen farko da yaro kan gwada bakinsa a gaban babba ba tare da fargaba ba.

Makaranta ta biyu ita ce dandali. Nan ake tuwon ƙasa da 'yar tsana da shanun laka da langa da carafke da gaɗa. Mai kallo daga nesa zai ce shiririta ce. Amma yarinyar da ke carafke lissafi take yi da tsakuwa, tana kuma daidaita ido da hannu. Yaron da ke ƙera mota da karan dawa awo yake koyo, masu langa kuwa suna koyon bin ƙa'ida da haƙurin shan kaye. Idan dare ya yi sai a koma tatsuniya da kacici-kacici, inda yaro ke fara gamuwa, ta bakin Gizo da Ƙoƙi, da tambayar da ta daɗe tana damun masu hikima: me ya sa mai wayo kan ci riba yau ya kunyata gobe?

Ta uku ita ce makarantar allo. Malam Ibrahim Zaki, wanda ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya kafa masarautar Katagum a farkon ƙarni na 19, da laƙabin malanta tarihi ya riƙe shi, kuma ƙasar Guddiri tana kan hanyar Gabas, watau Barno, inda masu neman haddar Alƙur'ani suka daɗe suna dosa. Tsarin karatun daki-daki ne: babbaƙu tukuna, sa'an nan farfaru, sa'an nan haɗa kalma. Abin lura shi ne sunayen da aka raɗa wa haruffan Larabci da Hausa, irin su ba guje da lam ara da ha kuri da ambaki, watau harafin nan mai buɗaɗɗen baki. Duk wanda ya fara raɗa waɗannan sunaye ya gane cewa ƙaramin yaro ba ya riƙe baƙon abu sai an ɗaura masa shi a jikin abin da ya sani. A shekarar 1914 Gwamna Lugga ya ƙiyasta cewa akwai makarantun allo kimanin 25,000 a Arewa, masu ɗalibai fiye da 200,000, alhali makarantar boko ta Ɗan Hausa da ke Nasarawa a Kano ba ta wuce shekara biyar da buɗewa ba.

Ba muna nufin zamanin da ba shi da aibi ba ne. Cututtuka sun kwashe yara, bulala ta yi aiki fiye da kima a zauruka da dama, 'ya'ya mata kuwa da yawa an bar su a baya. Shehu da kansa, a cikin Nurul Albabi, ya zargi malaman da ke karantar da almajiran waje su bar matansu da 'ya'yansu cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u (1793–1864) ta amsa wannan kira da tsarin 'Yan Taru, inda jajis ke kai karatu ga matan ƙauyuka. Wanda ya karantar da uwa kuwa, makarantar farko ya gyara.

Abin da Malaman Musulunci Suka Ce

Mutane da yawa sun ɗauka cewa zancen tausasa wa yaro a wajen karatu baƙon abu ne da Turawa suka kawo. Tarihi bai goyi bayan wannan zato ba. A birnin Ƙairawan na ƙasar Tunisiya, Muhammadu ɗan Sahnunu, wanda ya rasu a 870, ɗa ga mai Mudawwana, ya rubuta Adabul Mu'allimina, ɗaya daga cikin littattafai mafi daɗewa a kan ladubban malamin yara. A ciki ya ƙayyade horo da bulala uku, ba a wucewa sai da izinin uba, ya hana duka cikin fushi, ya hana malami aiken yara buƙatun kansa, ya kuma wajabta masa daidaita ɗan mai kuɗi da ɗan talaka. Alƙabisi, wanda ya rasu a 1012, ya faɗaɗa wannan bayani. Waɗannan malamai 'yan mazhabar Malikiyya ne, watau mazhabar da ake karantawa a kowane zaure daga Azare har Shira.

Imamu Gazali (1058–1111) a cikin Ihya'u ya ɗauki yaro a matsayin amana a hannun iyayensa. Ya kuma yi wani bayani da ya kamata a riƙa karanta wa duk mai buɗe makaranta, cewa lalle ne a bar yaro ya yi wasa bayan ya tashi daga karatu, domin hana shi wasa da matsa masa da karatu kullum yana kashe masa zuciya, ya dushe masa basira, har ya shiga neman dabarar kuɓuta daga karatun baki ɗaya. Ibnu Haldun (1332–1406) ya ƙara gaba a cikin Muƙaddima. A ganinsa, yaron da aka rena da tsanani yakan zama malalaci, ya koyi ƙarya da yaudara, saboda tsoro ya koya masa nuna abin da ba shi ne a zuciyarsa ba. Har ma ya ce al'ummar da aka mulka da danniya ita ma haka take zama.

Tushen duk wannan kuwa sananne ne. Hadisai sun nuna Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tsawaita sujada saboda jikansa ya hau bayansa, ya kuma taƙaita salla saboda ya ji kukan jariri. Salla ita ce ginshiƙin addini, amma ba a ce a umurci yaro da ita ba sai ya kai shekara bakwai. Idan Mai Shari'a ya saurara wa yaro har shekara bakwai a kan abin da ya fi komai girma, da wace hujja mu za mu ƙi saurara masa a kan abin da bai kai salla ba?

Abin da Masanan Turai Suka Ce

A can Turai ma tunanin ya daɗe. Aflatun na ƙasar Girka ya ba da shawarar a riƙa tara yara 'yan shekara uku zuwa shida su yi wasa a ƙarƙashin kulawar mata, ya kuma lura cewa ilmin da aka cusa da tilas ba ya zama a rai. Amma wanda ya fara tsara ilmin ƙananan yara dalla-dalla shi ne John Amos Comenius (1592–1670), mutumin ƙasar Cek, wanda ya kira shekaru shida na farko makarantar uwa, ya dage cewa da harshen gida za a fara. A 1658 ya fitar da littafin karatu mai hotuna, domin yaro ya ga abu kafin ya ji sunansa.

A 1762 Jean-Jacques Rousseau ya wallafa Emile, inda ya kawo hujjar da ta fi kowace kusa da tambayarmu. A zamaninsa yara masu yawa ba sa kaiwa girma. Sai ya tambaya, ina hikimar sayar da farin cikin yaro na yau domin wata gobe wadda wataƙila ba zai gan ta ba? Wajibi ne mu ambata cewa shi wannan Rousseau ya kai 'ya'yansa biyar gidan marayu ya bar su. Wannan abin kunya ne a gare shi, kuma gargaɗi ne ga dukkanmu masu riƙe da alƙalami, domin rubutu a kan yaro ya fi rainon yaro sauƙi. Wanda ya sauke tunanin daga takarda zuwa aiki shi ne Johann Pestalozzi (1746–1827) na ƙasar Siwizalan. A 1799 ya zauna da marayun yaƙi a garin Stans, yana ci tare da su yana kwana tare da su, ya kuma fito da ra'ayin cewa kai da zuciya da hannu tare ake renonsu. A 1816 Robert Owen ya buɗe wa 'ya'yan ma'aikatan masaƙarsa makarantar ƙananan yara a New Lanark ta ƙasar Sikotilan, inda aka hana duka, aka yawaita waƙa da rawa da wasa a fili.

Friedrich Froebel (1782–1852), Bajamushe, wanda ya yi zama a wajen Pestalozzi, ya buɗe tasa a Blankenburg a 1837, a 1840 kuma ya raɗa mata suna Kindergarten, ma'ana lambun yara. Sunan kansa hujja ce. Mai lambu ba ya jan tsiro da hannu don ya yi tsawo. Aikinsa ban ruwa ne da cire ciyawa da korar awaki. Gwamnatin Furushiya ta haramta waɗannan makarantu a 1851, ba a ɗage haramcin ba sai a 1860, bayan rasuwarsa. Daga baya Maria Montessori (1870–1952), likita 'yar Italiya, ta buɗe Gidan Yara a unguwar talakawa ta San Lorenzo a birnin Rum a watan Janairun 1907. Ta yi kujeru da tebura daidai tsawon yara, ta bar kowane yaro ya zaɓi aikinsa, ta mayar da malama mai lura da jagora. Jean Piaget (1896–1980) ya nuna cewa tunanin yaro mataki-mataki yake nuna, kuma hannu ne ke riga ƙwaƙwalwa fahimta. Lev Vygotsky (1896–1934) na Rasha kuwa ya nuna cewa cikin magana da manya da wasa da tsara hankali ke girma.

Idan muka jera waɗannan mutane, daga Ƙairawan zuwa Rum, za mu ga sun saɓa a addini da zamani da manufa, amma sun haɗu a kan abubuwa huɗu. Ƙaramin yaro yana koyo ne cikin aminci, ta hanyar wasa da taɓa abu, da harshen da yake ji, a kusa da wanda ke ƙaunarsa.

Gaggawa Iri Biyu

To, yanzu mu dawo gida. Duk wanda ya zaga Azare da safe zai gamu da yara iri biyu, kuma a zahiri babu abin da ya haɗa su. Na farko ɗan shekara uku ne, an tashe shi da sassafe, an sa masa inifam da safa da takalmi, an rataya masa jaka mai nauyi, an aza shi a babur zuwa makarantar nazare mai zaman kanta. A can zai zauna a benci sa'o'i da dama yana maimaita haruffa da waƙoƙin Turanci waɗanda bai san ma'anarsu ba. Za a ba shi aikin gida tun yatsunsa ba su iya riƙe fensir ba, a yi masa jarrabawa a ce ya zo na goma sha bakwai, a wasu wuraren ma a hore shi don ya yi Hausa. A ƙarshen shekara kuma a sa masa rigar digiri da hula a ɗauki hoto. Da yawa daga cikin irin waɗannan makarantu sunan Montessori ko Kindergarten ne a allon ƙofarsu, alhali babu filin wasa, babu yashi, babu ko itace guda.

Na biyu ɗan shekara biyar ne ko shida, an kawo shi daga wani ƙauye an danƙa wa malamin da ke da almajirai fiye da ƙarfin rumbunsa. Da robarsa a hannu yake bin tasha da kasuwa da ƙofofin gidaje. Ba ya kwana kusa da uwa, babu mai duba kansa ko ƙafarsa, kuma rabin yininsa a neman abin da zai ci yake ƙarewa. A da, zakka da gonar malam da tuwon maƙwabta su ke riƙe da tsangaya. Bayan zuwan Turawa a 1903 tsarin ya rasa gatan hukuma, garuruwa suka cika, abinci ya yi tsada, amma ba a daina turo yara ba. A 2020, lokacin annobar korona, mun ga yadda gwamnatocin jihohin Arewa suka riƙa loda almajirai a motoci ana mayar da su jihohinsu, kowa na cewa ba nasa ba ne. A ranar ne karin maganar nan ta ɗa na kowa ne ta ji kunya.

Mahaifin yaro na farko yakan dubi mahaifin na biyu ya ce bai waye ba, shi kuma na biyu ya dubi na farko ya ce ya sayar da lahirar ɗansa. A ganinmu kuwa ciwo ɗaya ke damunsu, watau gaggawa. Kowannensu ya ɗauki ƙuruciya a matsayin wani fili da ya kamata a tsallake da sauri a isa wajen amfani. Kowannensu kuma yana fakewa da sunan magabatan da, in da za su dawo, su za su fara tsawata masa. Montessori ba za ta gane ajin da ke ɗauke da sunanta ba, ɗan Sahnunu kuwa, wanda ya hana malami ko aiken yaro, ba mu san abin da zai ce da bara ba.

Hujjojin Masu Gaggawa

Adalci ne mu saurari ɗaya ɓangaren, domin iyayen nan ba maƙiyan 'ya'yansu ba ne. Hujjarsu ta farko ita ce karatun yaro rubutu ne a kan dutse, don haka a yi shi tun da wuri. Wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa Ibnu Abi Zaidin ya tsara Risala tun asali domin a koyar da yara. Ba mu da ja a kan yaro ya fara Fatiha da gajerun surori a cinyar uwarsa ko a zauren unguwa, ya dawo gida ya ci tuwo. Amma dutsen ba ya zaɓen abin da za a rubuta a kansa. Idan harafi ya zauna, tsoron da aka koyar da harafin da shi ma zai zauna, yunwa da wulaƙanci ma haka. Mu da ke koyarwa a jami'a muna ganin sakamakon a kowace shekara: ɗalibai masu kaifin hadda waɗanda ba sa iya ɗaga hannu su yi tambaya, saboda tun suna ƙanana aka koya musu cewa tambaya rashin kunya ce, kuskure kuma laifi ne.

Hujja ta biyu ita ce talauci. Uban da ba shi da hatsin da zai kai shi kaka, in ya tura ɗansa tsangaya, ya rage baki ɗaya. Ba za mu yi wa wannan hujja izgili ba. Sai dai fiƙihun da muke karantawa ya ɗora ciyar da ƙaramin yaro a wuyan uba, in ya gaza kuma a wuyan jama'a da hukuma. Bai taɓa ɗora shi a wuyan yaron ba. Daɗin daɗawa, abin da ƙaramin yaro ya fi buƙata ba mai tsada ba ne. A birnin Kingston na ƙasar Jamaika, daga 1986, an yi wani nazari a kan yara 'ya'yan talakawa waɗanda rashin abinci ya tsumburar. Ma'aikatan lafiya sun riƙa ziyartar wasu daga cikin gidajen mako-mako har shekara biyu, suna nuna wa iyaye mata yadda za su yi wasa da hira da 'ya'yansu da kayan wasan da aka haɗa a gida. Bayan shekara ashirin aka tarar waɗannan yara suna samun kuɗin shiga da ya ɗara na takwarorinsu da kimanin kashi 25 cikin ɗari. Abin da aka koya wa matan Jamaika bai wuce abin da kakanninmu ke yi a tsakar gida ba.

Hujja ta uku ita ce Turanci. Iyaye na cewa da Turanci ake jarrabawa, da shi ake samun aiki, don haka gara yaro ya fara tun yana tatata. Amsar wannan a nan gida aka samo ta. Daga 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa na Jami'ar Ife suka gwada koyar da yara dukkan darussan firamare da Yarabanci har shekara shida, Turanci kuma yana matsayin darasi a hannun ƙwararren malami. Yaran ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba, sun kuma fi su a darussa da dama. Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta tanadi cewa da harshen uwa ko harshen yankin za a koyar da ƙananan yara, kuma ta hanyar wasa. A 2022 gwamnatin tarayya ta faɗaɗa wannan zuwa shekaru shida na firamare, amma a watan Nuwamban 2025 Ministan Ilmi ya bayyana soke shi, aka koma Turanci tun daga rabin aji, bisa hujjar faɗuwar jarrabawa. Mu dai abin da muka sani shi ne, manufar da ba a buga mata littattafai ba, ba a horar mata da malamai ba, ba a gwada ta ba balle a ce ta gaza. Kuma ko wace doka aka kafa a Abuja, yaro ɗan shekara huɗu a Madara ko Chinade da Guddiranci yake tunani, wani da Fulatanci, wani da Barbarci. Wanda ya rufe masa wannan baki ya rufe masa ƙofar da ilmi zai shiga.

Amana Ko Jari

Duk waɗannan amsoshi sun nuna cewa gaggawa ba ta ma biyan buƙatar mai yin ta. Amma ko da a ce tana biya, tambayarmu ta farko tana nan. A ƙasarmu babu unguwar da ba ta binne ƙaramin yaro ba. Idan ƙuruciya shiri ce kawai na zama babba, to yaron da ya rasu yana ɗan shekara biyar ya yi zaman banza ke nan, kuma babu uwar da za ta yarda da wannan magana, mu ma ba mu yarda ba. Kwanakin da ya yi yana dariya a tsakar gida rayuwa ce cikakkiya, mai daraja a karan kanta. Idan kuwa haka ne ga wanda ya tafi, haka ne ga wanda ya rayu. Yinin yaro ɗan shekara huɗu bai gaza yinin farfesa daraja ba, kuma ba ya dawowa.

A nan ne kalmar Gazali ta amana ke da nauyi. Mai riƙon amana yana da ikon sarrafa dukiya domin amfanin mai ita, ba shi da ikon yin ado da ita. Lalle ne mu hana yaro wasa da wuta, mu koya masa gaisuwa da tsarki da gaskiya, mu sa shi abin da ba ya so idan maslaharsa ce. Wannan shi ne tanƙwarawar da karin magana ke nufi. Amma ya kamata kowane uba ya tambayi zuciyarsa tsakaninsa da Allah: da nake so a ce ɗana yana Turanci tun bai iya ɗaura wando ba, ko a ce na sallama shi ga karatu tun bai yi famfara ba, don shi nake yi ko don a faɗa? Inda amsar ta zama don a faɗa, to an ci amana, ko da da kyakkyawar niyya aka fara.

Kammalawa

Abin da ya rage shi ne mu faɗi wanda nauyin ke kansa. Dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta shigar da kula da ƙananan yara cikin ilmin tushe, don haka haƙƙin hukuma ne rabin aji na makarantun gwamnati ya samu inuwa da ruwa da filin wasa, a kuma daina tura masa malamin da aka rasa inda za a kai shi. Ajin 'yan shekara biyar ya fi kowane aji buƙatar gwani. Kwalejin Ilmi ta Aminu Saleh da ke Azare da Jami'ar Sa'adu Zungur da ke Gadau suna da damar haɗa Froebel da ɗan Sahnunu a darasi guda, domin malamin gobe ya san cewa tausasawa gadonsa ce ta fuska biyu. Alarammomi da masu unguwanni suna iya yin ittifaƙi cewa kolo ya yi karatu a garinsu, ya kwana a ɗakin uwarsa, tafiya Gabas kuwa a bar wa wanda ya yi ƙwari. Hukumar kula da ilmin almajirai da aka kafa a 2023 ba za ta iya wannan ita kaɗai ba.

Mu kuma ma'abota nazarin Hausa, malamai da ɗalibai, namu nauyin ya fi kusa. A farkon shekarun 1970 marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara Tatsuniyoyi da Wasanni a littattafai shida domin yara. Yau marubutanmu sun cika kasuwa da littattafan manya, amma uwar da ke neman ɗan littafi mai hotuna da za ta karanta wa 'yarta da Hausa sai ta sha yawo. Tsofaffin da suka san tatsuniyoyi da waƙoƙin gaɗa na ƙasar Guddiri suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Ɗalibin da ya je hutu Shira ko Gamawa ko Sakwa ya zauna da kakarsa ya rubuto tatsuniya goma da bakinta, ya kuma tara ƙannensa ya ba su, ya yi wa ilmin ƙananan yara hidimar da ta fi maƙala irin wannan. Allah ya ba mu ikon riƙe amanar da ya danƙa mana, amin.